Wajen Metir a Yelwa: daren da muka tsara wa Ostareliya 'yan wasa da alli

Ranar Asabar 3 ga Disamba 2022, garinmu Garwa na Kamaru bai gama dawowa hayyacinsa ba. Daren Juma'a Vincent Abubakar, yaron da muka ga tashinsa a Coton Sport, ya sa wa Birazil ƙwallo da ka ana dab da tashi, ya tuɓe riga don murna, alƙalin wasa ya miƙa masa hannu sannan ya zaro masa jan kati. Mun ci Birazil, mun kuma fita daga gasar, duk a dare guda. Washegari na buɗe shagon ɗinkina jiki ba ƙwari, na ce wa yaran shago ni kam na gama kallon Kofin Duniya na bana. Kafin la'asar sai ga ɗan ƙanwata sanye da rigar Messi, wadda ni da kaina na rage masa tsawonta, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, yau fa Ajantina da Ostareliya. Don Allah ka zo mu je wajen Metir, ba ka taɓa ganin irin wurin ba."

Rakiya na yi niyya. Amma na fi shekara ashirin ina shiga gidajen kallo a garin nan, tun ana haɗa talabijin da batirin mota, kuma ban taɓa fitowa daga wani ina jin kuɗina sun yi kaɗan ba sai wannan daren. Shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin wurin, da abin da ya gamsar da ni da abin da ke buƙatar gyara.

Gidan yana cikin unguwar Yelwa, a wani lungu bayan layin masu gasa kifi. Babu suna a rubuce a ƙofa. Mai shi tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kowa Metir yake ce masa, wato malam da Faransanci, wurin ma sai ya zama wajen Metir. Rumfar kwano ce doguwa, an kewaye gefe biyu da zana, bencina goma sha huɗu, talabijin biyu, babba a gaba da ƙarama a rataye a tsakiya don na baya. Kuɗin shiga a lokacin sefa 100 wasa ɗaya, wasa biyu 150. A wasu gidajen da zarar alƙali ya hura usur na ƙarshe sai a kashe komai a ce kowa ya fita, a sake karɓar kuɗi in wasa na biyu ya matso. Nan ba a tashin kowa. Awa biyun da ke tsakanin wasa da wasa su ne ma ainihin abin da Metir ke sayarwa, ko da yake shi ba haka zai faɗa maka ba.

Mun tarar ana kallon Holan da Amurka. Holan ta ci 3 da 1, aka tashi daidai magariba. Akwai butoci da tabarmi uku a tsakar gida, aka yi jam'i a nan. Mai shayin ƙofar gida ya shigo da tirensa, wata yarinya ta kawo folere mai sanyi a jarkoki, wato zoɓonmu, masu son soya, wato tsire, suka aika yara bakin titi. Wajen shida da rabi Metir ya rage muryar talabijin har ƙasa, ya jawo wani baƙin allon makaranta da ke jingine da bango, ya ɗauki alli daga gwangwanin madara, ya zana filin ƙwallo. Layinsa a miƙe kamar da rula, da'irar tsakiya kuwa bugu ɗaya ya yi mata hannunsa bai karkace ba. Shekarun aji ba su bar hannun ba.

Dokar wurin ɗaya ce, kuma ita ce ke riƙe da komai: wanda alli ke hannunsa shi ke da baki. In kana da magana ka ɗaga hannu, a miƙo maka, ka tashi ka rubuta ko ka goge, ka faɗi dalilinka. Ba zagi, ba caca. Na biyun nan ya fi komai faranta mini rai, don yanzu gidajen kallo da yawa sun koma wurin da yara ke zaune ido a kan waya suna lissafin abin da suka zuba, ƙwallon ma ba sa ganinta.

Ɓangaren Ajantina bai ɗauki minti uku ba. Ɗan ƙanwata ne ya fara karɓar alli, ya jero su tun daga Emiliano Martínez a raga har Messi da Julián Álvarez a gaba, yara na taya shi kamar karatun allo. Gardama ɗaya ce kawai, ko Di María zai buga tunda ya fita da ciwo a wasansu da Folan. Aka sa alamar tambaya a gefen sunansa aka wuce.

Da aka zo rabin Ostareliya sai rumfa ta yi tsit. Mutum kusan saba'in, amma an rasa mai ɗaga hannu. Metir ya juya allin a tsakanin yatsu ya ce, "Mutanen nan sun ci Tunisiya, sun ci Denmak, maki shida suka fito da shi daidai da Faransa, mu da muka ci Birazil huɗu muka samu. Ashe ba mu san sunan ko mutum ɗaya ba?" Maganar ta ɗan sosa mu. Wani saurayi ɗalibin jami'ar Ngaundere da ya zo hutun ƙarshen mako ya tashi ya rubuta Ryan a raga, ya ce shi ne kyaftin, ya yi shekaru a Brighton ta Ingila, a lokacin yana Kopenhegen. Daga nan bakin kowa ya buɗe, ashe kowa na da guntun abin da ya gani, haɗawa ce ba a yi ba.

Gardamar farko a kan ragar ta tashi. Wani ɗan acaba ya ce shi golan nan mai gemu yake so, mai rawa a kan layi. Redmayne yake nufi. Ya ba da labarin yadda a watan Yuni, a wasan neman gurbi da Peru, koci Graham Arnold ya cire Ryan ana dab da bugun fenariti ya sa wannan, ya yi ta rawa yana wurga hannuwa har ya tare bugun ƙarshe, Ostareliya ta wuce 5 da 4. Ɗalibin ya ƙara da cewa a filin Ahmad bin Ali aka yi wancan wasa, filin da za su buga yau ɗin nan. Rumfa ta ɗauki "Allahu Akbar, to ai sun san ƙasar wurin." Metir ya bar Ryan a raga, ya rubuta Redmayne ƙanana a wajen layi, ya ce wannan makamin sai an kai minti 120 ake zaro shi.

A baya babu wanda ya yi jayayya da Souttar. Duk wanda ya kalli wasan Tunisiya ya tuna dogon nan mai kusan mita biyu da ya bi Khenissi a guje a ƙarshen wasa ya share ƙwallon daga ƙafarsa tas ba tare da ya taɓa shi ba. An ce a Abadin ta Sikotilan aka haife shi, mahaifiyarsa ce 'yar Ostareliya, yayansa kuma Sikotilan yake yi wa wasa, kuma bai daɗe da tashi daga jinyar gwiwa ta kusan shekara guda ba. Aka sa Rowles kusa da shi, Behich a hagu. Dama ce ta kawo magana, domin wasa uku mutum uku suka tsaya a wurin: Atkinson da Mbappé ya wahalar ranar da Faransa ta ci su 4 da 1, sai Karačić a wasan Tunisiya, sai Degenek a na Denmak. Wani mai sayar da kayan gyaran babur ya ce ba a canja dokin da ya kai ka gida, aka rubuta Degenek. Mooy mai sanƙo na Celtic da Irvine mai dogon gashi suka shiga tsakiya ba musu, McGree a gabansu kaɗan. Duke, wanda ya ci Tunisiya da ka a minti na 23, aka sa shi a gaba, ko da yake wasu sun yi mamakin jin cewa a rukuni na biyu na gasar Japan yake wasa. Leckie, mai ƙwallon Denmak, ya samu gurbinsa da tafi.

Saura gurbi ɗaya, kuma a kansa muka ci kusan rabin awa.

Yawancin rumfa Goodwin suke so. Hujjarsu a fili take: shi ya ci Faransa a minti na 9, shi ya ɗago ƙwallon da Duke ya sa wa Tunisiya, ƙafarsa ta hagu ita ce ke kawo musu bugun kwana da bugun tazara. Wanda zai kara da Ajantina dama biyu ko uku kawai zai samu, in ji su, to ka ajiye mai iya amfani da ita a benci? Ɗalibin ya ce a duba, a wasan Denmak an cire Goodwin a hutun rabin lokaci aka sa Baccus, daga nan ne tsakiya ta zauna har aka ci. Kwana uku kacal tsakanin wancan wasa da wannan, ƙafafu sun gaji.

Ban yi niyyar magana ba, baƙo ne ni a wurin. Amma sai na ji hannuna a sama. Metir ya miƙo mini alli ya ce, "Bismillah, Malam tela," ashe ya san ni. Na ce musu mu a sana'armu in yadi bai isa ba, ba ma fara yanka hannu ko wuya, jikin riga muke fara fitarwa, abin da ya rage a yi ado da shi. Ostareliya yadinta gajere ne a gaban Ajantina. Messi ba ya tsayawa a gefe yanzu, tsakiya yake gangarowa yana tafiya kamar mai neman abin da ya yar, De Paul da Enzo Fernández da Mac Allister suna kawo masa. In ba ka cika tsakiya da masu huhu ba, ƙafar Goodwin ba za ta ga ƙwallon da za ta buga ba. Na rubuta Baccus. Wasu suka yi gunaguni, wasu suka gyaɗa kai, Metir bai goge ba, ya rubuta Goodwin a gefensa ya ja layi a tsakani.

A nan ne wani bawan Allah da ke zaune a benci na uku ya ɗaga hannu. Dogo ne, da farin rawani, ɗan Chadi mai fataucin shanu da ke sauka a unguwar in ya zo gari. Hausarsa da ɗan nauyin Larabci. Ya karɓi allin bai rubuta komai ba tukuna, ya ce, "Metir, ku yi mini haƙuri, duk kun bar yaron a waje." Garang Kuol yake nufi, ɗan shekara 18, wanda aka haifa a Masar, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu da yaƙi ya raba da gida. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai Awer Mabil da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, wanda ya ci nasa bugun ranar Peru, akwai Thomas Deng, shi ma a Kenya aka haife shi. Ya ce shi mutumin gabashin Chadi ne, tun 2003 yake ganin mutanen Darfur a sansanoni, ya ga yaran da aka haifa a cikin tanti suna buga ƙwallon tsumma har suka yi gemu ba su san wani gida ba. "Yau ɗaya daga irin yaran nan zai tsaya fili ɗaya da Messi. Ni ba ruwana da lissafinku na tsakiya da gefe. A sa shi tun farko, wanda ya taso a haka ba ya tsoron suna."

Ba wanda ya yi dariya. Mu ma nan muna da sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a can Arewa Mai Nisa, mun san abin da yake faɗa. Ɗalibin ya ce a hankali, Baba, yaron ko a ƙungiyarsa ta Central Coast Mariners daga benci ya fi shigowa, duk da Newcastle ta riga ta saye shi. Ya kuma ce Baccus ɗin da tela ya rubuta shi ma a Durban ta Afirka ta Kudu aka haife shi. Bafataken ya yi murmushi ya ce to huɗu ke nan namu, ya rubuta Kuol da manyan baƙaƙe a bakin layi, ya zagaye shi. Daga wannan lokacin rabin rumfar ta koma Ostareliya. Na ga abin da idona, mutanen da awa ɗaya da ta wuce ba su san sunan golansu ba.

Sai maganar ko za su iya. Yaran Messi suka ce 4 da nema, wani ya ce 5. Wani dattijo tsohon direban tirela, wanda tun da muka zo bai ce uffan ba yana ta cin goronsa, ya karɓi alli ya riƙe kawai don ya samu baki. Ya ce, "'Ya'yana, a 1990 ina Ngaundere ina jiran lodi muka kalli wasan buɗe gasa. Ajantina ce ke riƙe da kofi, Maradona na ciki. Omam-Biyik ya tashi sama ya sa musu da ka, muka gama wasa da mutum tara, muka ci su. Ran nan ma haka aka ce mana, 4 da nema." Ya ce ko kwana goma sha biyu ba a yi ba da Saudiyya ta ci waɗannan ɗin 2 da 1. Ɗan ƙanwata ya ce, "Baba, ai wannan faɗuwar ce ta tashe su, tun daga nan ba a sake sa musu ƙwallo ba, Meziko 2, Folan 2." Dattijon ya ce gaskiyarka, ya miƙa masa goro.

Metir ya ƙara nasa, shi da ba ya cika sa baki. Ya ce sau ɗaya Ostareliya ta taɓa kai wannan zagaye, a 2006, kuma sai a minti na ƙarshe Italiya ta fitar da ita da fenaritin Totti, Italiyar da ta je ta ɗauki kofin. Ya tuna mana cewa mun taɓa gwada ƙarfi da su a 2017 a Rasha, Zambo Anguissa ya ci, suka rama da fenariti, aka tashi kunnen doki. Ya ce kuma kada mu manta a ƙasarsu, a Sidni, muka ɗauko zinaren Olamfik a 2000. "Ƙasar da ta taɓa yi mana arziki, ba ma yi mata mugun baki." A kusurwar allo aka rubuta hasashen kowa, ba kuɗi a kai, wanda ya dace Metir ke biya masa shayi. Ni na ce 1 da nema, Ajantina, a ƙarin lokaci. Bafataken ya ce 1 da 1, sai mai gemu ya shigo ya yi rawarsa.

Wajen bakwai sunaye suka fito a wayoyi. Ɗalibin ya karanto da ƙarfi, Metir na bin allo yana sa maki kamar mai duba jarrabawa. Goma daidai. Na goma sha ɗaya Baccus, Goodwin a benci. Di María ma bai fito ba, Papu Gómez aka sa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina, mutane suna juyowa suna cewa tela ya gani. Muka yi isha'i, aka ƙaro shayi. Ɗalibin ya nuna mana a waya yadda mutane suka cika dandali a Melbon, ya ce can yanzu asubahin Lahadi ne, awa goma ke tsakaninmu, ƙarfe shida na safe za a take musu wasan da mu za mu gani ƙarfe takwas na dare.

Wasan kansa duk kun gani. Rabin awa Ajantina na zagaye ba ta samu ƙofa ba, 'yan Ostareliya masu ruwan ɗorawa sun tsaya layi biyu kamar an ɗinke su. Minti na 35 Messi, a wasansa na 1,000, ya samu tazarar da ba ta fi taku ɗaya ba ya mirgina ta kusurwa. Na 57 Ryan ya tsaya wasa da ƙwallo a gaban ragarsa, De Paul ya matsa masa, Álvarez ya ƙwace ya tura. Ɗan acaban nan ya dafe kai ya ce da mai gemunsa ne da ya doka ta waje. Sai aka sa Goodwin, minti na 77 ya ɗaɗa wata daga nesa ta bugi Enzo Fernández ta shige. Masu Goodwin suka taso mini, "Malam tela, ka gani?" Na ce na gani, amma da an fara da shi, wa ya san ko da tuni an sha uku. Har yau ban canja ra'ayi a kan wannan ba. Inda na canja shi ne maganar yaron. An sa Kuol saura kusan minti ashirin, kuma da ni ne da na sa shi tun da aka ci ta biyu.

A cikin minti na bakwai na ƙarin lokaci ƙwallo ta faɗo masa a cikin yadi na goma sha takwas. Ya juya da ita jiki ɗaya, mai tsaronsa ya wuce, ya rage daga shi sai gola. Bafataken yana tsaye, kofin shayi a hannunsa na dama, rawaninsa ya warware gefe guda ya sauko kafaɗa bai sani ba. Yaron ya buga, Martínez ya baje jiki ya tare da hannu, ya kwanta a kan ƙwallon, 'yan bayansa suka faɗa kansa. Shayin ya zube a kan takalmin mutumin bai duba ba. Ya daɗe a tsaye sannan ya ce, "Ya isa wurin dai. Kun ga ya isa wurin." Ɗan ƙanwata, da rigar Messi a jikinsa, shi ya je ya kama hannunsa ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka ta shiga." An ce tun Pele a 1958 ba a samu mai ƙarancin shekarunsa da ya buga wasan zagayen kifa-ɗaya-ƙwala ba. Shayin Metir kuwa wani yaro mai wankin babura ya sha shi, shi kaɗai ya rubuta 2 da 1.

Yanzu abin da ke buƙatar gyara, don wanda zai je ya san abin da zai tarar. Bencinan ba su da majingina, kuma katakon wasu ya fara tsagewa, ɗaya ya kama mini wando. Mai ciwon baya awa shida a kai ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙaramar talabijin ta tsakiya launinta ya koɗe, kuma tana bayan babbar da daƙiƙa biyu ko uku, sai na baya su ji ihun na gaba kafin su ga abin da ya faru. Wannan yana kashe daɗin kallo ƙwarai, kuma gyaransa bai wuce a haɗa su a waya ɗaya ba. An ɗauke wuta a hutun rabin lokaci, Allah ya sa a hutun ne, janareta ya ɗauki kusan minti biyar kafin ya tashi, kuma an ajiye shi kusa da zana ta hagu, hayaƙinsa na shigowa kan na bencin ƙarshe. Bayan gida ɗaya ne ga wannan taro duka, ba fitila a ciki. Sanyin Disamba kuma yana ratsa zanar nan bayan ƙarfe tara, ka tafi da rigar sanyi. Abin da ya fi damuna shi ne yara ƙanana, 'yan shekara takwas zuwa goma, da na gani har ƙarfe goma na dare ba babba tare da su. Mutumin da ya yi rayuwarsa a aji ya fi kowa sanin wannan bai dace ba.

Wajen babura kuwa ba laifi, akwai mai gadi, sefa 50, yana ba ka guntun kwali mai lamba. Sautin talabijin a fili yake, sharhin da Faransanci, kuma in wani dattijo bai gane ba akwai mai juya masa da Hausa ko Fulatanci a kunne. Shayin ƙofar gida mai kauri ne, kifin layin gaba na Binuwai ne, ɗanye aka gasa ba kwanan ƙanƙara ba.

Na koma ranar Talata don wasan Maroko da Sifen, ni kaɗai wannan karon. A nan na ga aibin da ya fi duka: an bar mutane sun shiga fiye da abin da rumfar za ta ɗauka, har ana zama a kan cinyar juna, hanyar fita ɗaya ce kuma ta toshe. Lokacin da Hakimi ya ci bugun ƙarshe aka taso gaba ɗaya, benci biyu suka kife, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Da aka watse na tsaya na gaya wa Metir, har da maganar yaran da ta talabijin. Ya saurare ni har na gama, ya ce daga yanzu in benci ya cika zai rufe ƙofa, zai kuma buɗe zana ta baya ta zama mafita ta biyu. Maganar yara ya ce na yi gaskiya, bayan isha'i duk wanda ba shi da babba zai sallame shi. Ban ga cikawar alkawarin ba tukuna, sai na koma.

A kusurwar allon, can ƙasa, na lura bai goge sunan Kuol da da'irarsa ba, ya zana filin Maroko ya kauce masa. Na tambaye shi, ya ce mai rawani ya roƙa a bar masa har ya dawo daga kasuwar shanu ta Adumri.

 In za ka je kallo a can, ka isa kafin magariba, ka nemi benci na uku ko na huɗu ta dama, nesa da janareta, inda hannunka zai kai ga alli.